Kujerar Saƙa

Masassaƙi in zai yi kujera, sai ya shiga daji da gatarinsa, ya sari gungume ɗaya, ya zauna da gizago ya yi ta sassaƙa, har kujera ta fito da mazauninta da ƙafafunta, duk daga itace guda. Ba ya neman taimakon kowa, ba ya kuma jiran kaya daga wata ƙasa. Amma akwai wata irin kujera wadda ba a yinta haka. Ita wannan, ƙafafunta da majinginarta na katako ne, mazauninta kuwa saƙa ce mai 'yan ƙananan ramuka kamar na rariya. In mutum ya ɗaga ta wajen haske ya duba, sai ya ga kowane rami yana da kusurwa takwas, dukansu daidai wa daida. Ita ce kujerar saƙa.

Akwai tsofaffin kujerun nan da suka shekara 300, waɗansu ma fiye, suna ajiye a gidajen kayan tarihi na Ingila da Holanda da Amurka da Afirka ta Kudu. Kafin a gama ɗayansu, sai an haɗa itacen wata ƙasa, da abin saƙar wata ƙasa, sau da yawa kuma da hannun mutumin wata ƙasa dabam. Don haka labarinta ya zama labarin fatauci, da na gardama a kan wanda zai yi aikin, da wanda zai ci ribarsa.

Abin saƙar

Abin da a ke saƙar da shi ba kaba ba ne, ba kuma gora ba ce. Wani tsiro ne wanda mutanen Malaya ke kira rotan. Dangin giginya ne da goruba da dabino, amma shi ba ya iya tsayawa da ƙafarsa kamarsu. Galibi kaurinsa bai fi na yatsa ba, ko da ya ke wani ya kan kai kaurin sandar makiyayi. Yana da ƙayoyi masu lanƙwasa kamar ƙugiya, da su ya ke kama manyan itatuwan kurmi, ya yi ta hawa yana neman rana. In ya kai ƙwanƙolin wannan itace sai ya tsallaka zuwa wancan, har wani ya kan yi tsawon ƙafa 300. Irinsa sun kai wajen 600, mafi yawansu kuwa a kurmin Malaya su ke, da na tsibiran Borniyo da Sumatra da Sulawesi, inda ruwan sama ba ya yankewa da daɗewa.

Gora cikinta rami ne, in aka matsa mata da lanƙwasa sai ta fashe. Rotan kuwa cikinsa a cike ya ke, ya kan lanƙwasu ba ya karyewa. Shi ya sa a kan yi sanda mai lanƙwasasshen kai da shi, irin ta kwagiri.

Saro shi aikin wahala ne ƙwarai. Mutum ya kan shiga kurmi da adda, ya sare gindin, ya kama ya yi ta ja da iyakar ƙarfinsa. Ƙaya na yagar hannunsa, tururuwa da busassun rassa na zubo masa a ka. Sau da yawa rabin tsiron ya kan maƙale can sama, tilas a bar shi. Abin da ya sauko sai a kankare masa kubensa mai ƙaya, a yanka shi guntu guntu, a ɗaure dami dami, a ɗauko a ka har bakin kogi. Can a wanke shi, a goge da yashi, a shanya a rana.

Ɓawonsa na waje yana da santsi da ƙyalli sai ka ce an shafa masa mai, ga shi da ƙarfi ainun. Shi a ke feɗewa a tsaga sili sili, kowane sili faɗinsa kamar na tsinken ashana, ko ya ɗara kaɗan. Cikin da ya rage ba a yar da shi, da shi a ke saƙa kwanduna.

Yadda a ke saƙar

Kafinta ya kan gama nasa aikin tukuna. Ya haɗa ƙafafu da majingina, ya bar wurin zama fayau, sai itace huɗu kewaye kamar bakin taga. Sa'an nan ya huda ramuka a jere jikin itatuwan nan huɗu, tsakanin rami da rami kamar rabin inci. Mazauni ɗaya ya kan sami rami 70 ko 80, wani ma fiye. Daga nan aiki ya koma hannun masaƙi.

Masaƙi ya kan jiƙa silin a ruwa don ya yi laushi. Ya zura bakinsa a wani rami na baya, ya toshe da ɗan tsinken itace don kada ya zare, ya jawo shi gaba ya zura a ramin da ke daura da wancan, ya bi da shi ta ƙarƙashi ya fito a rami na kusa, ya koma baya. Haka zai yi ta kai da kawowa har ya cika wurin daga wannan gefe zuwa wancan. Sa'an nan ya yi na gicciye, daga dama zuwa hagu. Ya sāke yin na tsaye kusa da na farko, ya sāke yin na gicciye, amma wannan karon sai ya riƙa cusa shi, ya bi bisa wannan sili ya bi ƙarƙashin wancan, kamar saƙar tabarma. Yanzu ramuka sun fito, amma masu kusurwa huɗu ne. Saura sili biyu na karkace. Ɗaya ya tashi daga wannan kusurwar kujera ya nufi waccan, ɗayan kuwa ya gicciye shi. Su ne ke datse kusurwoyin ramukan, su mai da huɗu ta zama takwas. Daga ƙarshe a bi baki da wani sili mai faɗi, a rufe hudar da kafinta ya yi.

Wajibi ne gefen nan mai ƙyalli ya dubi sama kullum. In sili ɗaya ya murɗe, sai an warware shi an sāke. Kuma ba a jansa da ƙarfi tun da fari, gama in ya bushe ya kan ɗaure da kansa, ya yi tauri kamar fatar ganga. Gwani ya kan yini guda, ko fiye, a kan mazauni ɗaya, ba ƙusa, ba danƙo. Har wa yau masu gyaran irin kujerun nan a Ingila da Amurka su kan ƙidaya ramukan katako, su yanka ladansu bisa yawan ramukan.

Kujerar da aka yi haka ba ta da nauyi, yaro ma ya iya ɗaukarta. Iska na ratsa ta, mai zama ba ya jiƙewa da gumi. Ƙura ba ta taruwa a cikinta, asu kuwa ba shi da abin da zai ci.

Bature a ƙasar zafi

Mutanen Sin da na Indiya da na tsibiran nan sun daɗe suna saƙa da rotan kafin Bature ya sa shi a ido. A shekarar 1498 jiragen Fotugal suka kewaye Afirka ta kudu suka isa Indiya, a 1511 kuma suka ci Malaka, babbar kasuwar bakin teku ta Malaya. Bayansu Ingilishi suka kafa kamfaninsu na cinikin Gabas a 1600, mutanen Holanda suka kafa nasu a 1602. Ba rotan ne ya kai su ba. Masoro su ke nema, da kanumfari, da kirfa, da alharini.

Da Turawan nan suka gina gidajen ciniki suka zauna, sai suka tarar galibin mutanen ƙasa a tabarma ko darduma su ke zama. Bature kuwa ya saba da kujera mai majingina. Wadda ya zo da ita daga gida, mai katifar ulu, ba ta jure wa damina da ƙwarin ƙasar ba. Sai ya nuna wa kafintocin wurin siffar da ya ke so, su kuwa suka yi masa da itacensu da irin saƙarsu. Siffa ta Turai, aiki na Gabas.

Mafi kyaun kujerun wannan zamani da wani baƙin itace aka yi su, dangin kanya, mai nauyi da tauri kamar ƙarfe. An yi su a gaɓar Koromandel, watau kudu maso gabashin Indiya, da tsibirin Silon wanda a ke kira Sri Lanka yanzu, da Bataviya, garin da mutanen Holanda suka kafa a tsibirin Jawa a 1619, wanda ya zama Jakarta. An sassaƙa musu furanni da ganyaye ko'ina, an yi musu ƙafafu murɗaɗɗu kamar igiya, waɗansu har an dasa musu hauren giwa.

To, su wa suka yi wannan aiki? A Bataviya akwai kafintoci Sinawa masu zaman kansu. Akwai kuma unguwar masu sana'a ta Kamfani, inda bayi masu yawa ke aiki, waɗanda aka sayo daga Indiya da waɗansu tsibirai. Ba su sa sunansu a jikin kujera ba, ba wanda ya ce su sa. A kan san sunan gwamnan da ya zauna bisa kujera, amma na wanda ya sassaƙa ta ya ɓace.

A 1652 Kamfanin Holanda ya kafa zango a can ƙarshen Afirka ta kudu, inda birnin Kef Tawun ya ke yanzu, don jirage su riƙa ɗibar ruwa da abinci. Can ma aka kai bayi masu sana'a daga Gabas, jirage kuma suna sauke rotan. Amma manoman da suka yi nisa da teku ba su samunsa, sai suka riƙa yanka fata sirara sirara, suna saƙa mazauni da ita. Irin wannan kujera mai igiyar fata tana nan a Afirka ta Kudu har yanzu.

An manta da masu aikin nan har abin ya zama abin dariya. Wani attajiri marubuci na Ingila, Horace Walpole, ya sayi kujerun baƙin itacen nan a 1763, ya jera a gidansa, yana alfahari da su a kan cewa aikin kakannin Ingilishi ne na zamanin da. Mutane da yawa suka gaskata shi, aka daɗe a kan haka, kafin masana su gane ashe daga Indiya da maƙwabtanta suka fito.

Gobara da gardama a Landan

A wajen 1664 aka fara yin kujerar saƙa a Landan, zamanin Sarki Charles na Biyu. Jiragen Kamfani ke kawo rotan, bayan tafiyar wata shida ko fiye a teku. Ba a jima ba sai wata babbar masifa ta buɗe mata kasuwa. Ran 2 ga Satumba, 1666, wuta ta tashi a gidan wani mai gasa burodi. Gidajen Landan a lokacin galibi na katako ne, a cushe, ga iska tana busawa. Wutar ta kwana huɗu tana ci, ta cinye gidaje wajen 13,200 da majami'u 87. Da aka sāke gina gari, sai ga dubban magidanta a sababbin ɗakuna ba abin zama. Kowa na neman kujera mai araha wadda za a gama da sauri.

Masu kujerar saƙa suka taru kusa da babbar majami'ar Saint Paul, suka raba aikin a tsakaninsu. Wannan ba abin da ya ke yi sai murza ƙafafu a bisa abin juya itace. Wancan sai sassaƙa ado. Wani ya harhaɗa, wani ya saƙa. Da ya ke kowa abu ɗaya ya ke yi safe da yamma, sai hannu ya yi sauri, kuɗin kujera ya sauko. Ta mai kuɗi a kan yi ta da wani kyakkyawan itace mai suna walnot. Ta mai ƙaramin ƙarfi kuwa da wani mai araha, a shafa masa baƙin fenti. Waɗansu ma'aikatan su kan buga haruffan farkon sunansu a jikin katako, ana ganinsu har yanzu a bayan tsofaffin kujeru.

Amma cinikin wani ya zama hasarar wani. Kafin zuwan kujerar saƙa, mai hali a kujera mai katifa ya ke zama, wadda aka rufe da saƙar ulu. Ulu kuwa shi ne babban arzikin Ingila a lokacin. Makiyayin tumaki na ci daga gare shi, da mai kaɗi, da masaƙi, da marini, da mai ɗinka katifar kujera. Da mutane suka juya wa kujerar ulu baya, sai waɗannan suka ga abincinsu na raguwa. A wajen 1689 suka kai kuka Majalisar Ingila, suka roƙa a yi doka a hana yin kujerar saƙa ɗungum. Suka ce dubban talakawa masu aikin ulu sun rasa abin yi saboda wani tsiro na baƙuwar ƙasa.

Masu kujerar saƙa ba su yi shiru ba, suka rubuta tasu amsar. Suka ce mutane sun zaɓi kujerarsu ne don ƙarkonta da rashin nauyinta, da kuma tsabtarta daga ƙura da tsutsa da asu. Suka ce su ma talakawa ne masu iyali, in an hana sana'ar, masu sassaƙa da masu murza itace da masaƙa da almajiransu duk za su zauna banza. Suka ƙara da cewa kowace shekara a kan fitar da kujerunsu fiye da dozin 2,000, watau 24,000, zuwa ƙasashen zafi inda kujerar ulu ba ta da amfani, kuɗin kuwa Ingila su ke shigowa.

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, gama kowa tuwon 'ya'yansa ya ke karewa. Majalisa dai ba ta yi dokar ba. Kujerar saƙa ta ci gaba da yaɗuwa, har a Jamus aka riƙa kiranta kujerar Ingilishi, alhali kuwa rotan ko ɗaya ba ya tsirowa a Ingila.

Daga baya masu yinta suka shiga gasar ado. Wajen shekarar 1700 majingina ta yi ta ƙara tsawo tana sirancewa, har ta wuce kan mai zama nesa. Abin ya yi kyaun gani a jikin bango, amma bai yi ƙarfi ba. In ƙato ya jingina da baya sosai, sai haɗin ya saki. Tsofaffin da suka rage, da wuya a sami wadda ba a taɓa yi wa gyara ba.

Hayin teku

Cikin wuraren da a ke kai kujerun Landan har da ƙasashen da Ingilishi suka mallaka a hayin Tekun Atlantika, watau gaɓar Amurka ta Arewa, da tsibiran Jamaika da Barbados. Mazauna can ba su da izinin zuwa Gabas su sayo rotan da kansu. Kamfanin nan kaɗai ke da iznin cinikin Gabas, kayansa kuwa sai sun sauka Ingila tukuna. Saboda haka rotan ya kan tashi daga Sumatra, ya kewaye Afirka, ya sauka Landan a saƙa shi, sa'an nan kujera ta sāke shiga jirgi ta yi wata biyu a teku kafin ta kai Boston. Kowane zango akwai mai cin riba, mai saye na ƙarshe shi ke biyan duka.

Duk da haka sun saya. Al'adarsu ce in mutum ya mutu a rubuta dukan abin da ya bari kafin a raba gado, har cokali da tukunya. Takardun nan suna nan da yawa, a cikinsu kuwa a kan ga attajiri ya bar kujerun saƙa shida ko dozin, a ɗakinsa mafi kyau inda ya ke karɓar baƙi.

Mutanen Birjiniya da taba su ke biya, na Jamaika da Barbados da sukari, dukansu biyu kuwa galibi bayi ne da aka kwaso daga Afirka ke noma su. Amma Boston ƙasar sanyi ce mai duwatsu, ba taba, ba rake. Ba ta da wani abu mai yawa da Ingila ke so. Abin da ta ke da shi itace ne, da fatu, da jirage, da mutane masu hannu. Sai kafintocinta suka dubi kujerar Landan da kyau, suka kwaikwayi siffarta da wani itacen dajinsu mai suna mapul. Waɗansu suka sayi rotan daga Landan suka saƙa. Mafi yawa kuwa suka ce ba sai da shi ba, suka rufe mazauni da majingina da jemammiyar fata, suka bi baki da ƙusoshin tagulla. Na ƙauye ma ko fatar ba su nema ba, sai su jera 'yan sanduna a majingina, su saƙa mazauni da ciyawar fadama.

Kujerar fata ta Boston ta yi araha, ta yi ƙarfi. Jiragen garin suka riƙa ɗibarta suna kaiwa New York da Filadelfiya da tsibiran rake. Garin da ya ke sayen kujera ya zama mai sayarwa. Abin da masu kujerar saƙa suka yi wa masu ulu a Landan, shi kafintocin Boston suka yi wa na sauran garuruwa. A 1742 wani mai sana'ar a Filadelfiya har ya buga talla a jarida, yana cewa kujerunsa sun fi waɗanda a ke kawowa daga Boston araha.

A wannan lokaci yayin kujerar saƙa ya riga ya wuce a Landan. A 1721 Majalisa ta ɗauke kuɗin fito daga katakon da a ke kawowa daga ƙasashen mallaka, sai wani jan itace na Jamaika ya fara shigowa da yawa. Sunansa mahogani, dangin maɗaci ne. Bayi ne ke sare shi a kurmi, su jawo gumagumansa zuwa bakin ruwa. Masu kuɗi suka koma wa kujerar mahogani mai katifa, ta saƙa kuwa aka mai da ita ɗakin bayi da barori, ko aka jefa a rumbun tarkace.

Komowarta

Ba ta ɓace ba. A ƙasashen zafi ba a taɓa barinta ba, kusan ƙarshen ƙarni na 18 kuma yayinta ya komo Turai. A Indiya aka riƙa yi wa ma'aikatan mulkin Ingilishi wata doguwa mai kishingiɗa, mai dogayen hannuwa da mutum zai miƙe ƙafafunsa a kai.

Wanda ya kai ta gidan kowa wani kafinta ne Bajamushe, Michael Thonet, mazaunin Biyana ta ƙasar Ostiriya. Ya gano yadda a ke turara itace da tururi har ya yi laushi, a lanƙwasa shi yadda a ke so. A 1859 ya fitar da wata kujera da a ke kira Lamba 14. Itace shida ne kawai, da ƙusoshi masu murɗi 10, da noti 2, da mazauni na saƙa. Ba a haɗa ta a ma'aikata. A kan zuba kujera 36 a wargaje cikin akwati ɗaya wanda tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa mita ɗaya ɗaya ne, in ta isa inda za ta a ɗaure ta can. Kafin 1930 an sayar da wajen miliyan 50.

A Amurka kuma aka ƙago injin da ke saƙa rotan shimfiɗa guda kamar yadi. Sai a yanko daidai mazauni, a danna bakinsa cikin wata 'yar kwari da aka sassaƙa kewaye, a toshe da danƙo. Ta nan ne mai sayen tsofaffin kaya ke fara rarrabewa. Ya kan kifa kujera ya duba ƙarƙashinta. In ya ga ramuka sun huda katako, sili na bi daga rami zuwa rami, to, saƙar hannu ce. In bai ga rami ba, ta inji ce, ba ta kai shekara 200 ba, kome tsufan da ta nuna. Saƙar kanta ba ta faɗin shekarun kujera, gama sili ya kan bushe ya tsinke in an daɗe ana zama a kai. Kujerar da ta shekara 300, katakon ne ya shekara haka, mazaunin kuwa galibi an sāke shi, watakila ba sau ɗaya ba.

Afirka ma tana da nata rotan, iri sun ɗara 20, a kurmin kudancin Nijeriya da Kamaru da Gana da Kwango. Da shi masu sana'a a Ikko da Kumasi da Duwala ke yin kujeru da tebura da kwanduna a bakin hanya. Amma siraran silin da a ke saƙa mazauni mai rami takwas, mafi yawansa daga Gabas ya ke fitowa har yanzu.

Tsibiran da mutanen Holanda suka mallaka sun zama ƙasar Indonesiya, ita ce kuwa ta fi kowace ƙasa rotan. Shekara da shekaru tana sayar da shi ɗanye, waɗansu ƙasashe su yi kujera da shi su ci riba mai tsoka. A ƙarshen 2011 gwamnatinta ta hana fitar da ɗanyen rotan, don a yi kujerun a gida, 'yan ƙasa su sami aikin. Masu ma'aikatun kujera a garin Cirebon na tsibirin Jawa suka yi murna. Amma masu saro shi a kurmin Borniyo da Sulawesi suka yi kuka, suka ce tun da baƙi ba su da izinin saye, masu sayen sun ragu, kuɗin dami ya faɗi. Waɗansunsu suka ajiye adda, suka koma aikin gonakin kwakwar manja.